Magudanar da Na-Sani Ya Toshe

Akwai wani manomi da mutane ke kira Na-Sani, saboda duk abin da ka fara gaya masa, kafin ka rufe baki ya ce, "Na sani." Yana da madatsar ruwa a gonarsa, irin wadda ake tara ƙasa a danne ta zama bango a tare rafi. Da ruwan yake noman rani, a ciki kuma yake kiwon kifi.

A gangaren madatsar akwai 'yan gidaje. Ɗaya na ƙanwarsa ne, Auta mai ɗinki, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Mahaifiyarsu, Inna, a wurinta take zaune.

Da damina ta kankama, Na-Sani ya ga ruwa na fita ta magudanar da aka bari a gefe don rage cika. Sai ya ji kamar jininsa ne ke zuba. Ya sa aka jera buhunan yashi aka toshe ta.

Auta ce ta fara ganin abin da ya biyo baya. Ta je shanya a bayan gidanta, ta tarar da ruwa jajur mai laka yana tsattsafowa daga gindin bangon. Da ta hau sama sai ga tsaga wadda hannunta zai shige, ga ramukan gafiya ko'ina.

Ta sami Na-Sani yana watsa wa kifi abinci. Ta roƙe shi ya kwashe buhunan ko ruwan zai ragu. Ko kallonta bai yi ba. Ya ce ya sani, bangon ya girme ta, kuma tunda ta iya ɗinki ai sai ta ɗauko allura ta ɗinke tsagar.

"Yaya, ni ban san aikin madatsa ba," in ji ta. "Amma na san a ƙarƙashin wannan ruwan uwarmu take kwana."

Ya ce ta bar masa wurin kafin ransa ya ɓaci.

Ranta ne ya ɓaci. Ta bi maƙwabta gida-gida. Kowa ya ga abin da ta gani, amma kowa ya yi gum, don yawancinsu a gonarsa suke samun aiki in rani ya yi. Ta ce musu wanda ruwa ya tafi da shi ba ya zuwa aikin rani. Da ƙyar ta shawo kansu suka kwashi yara da 'yan komatsai suka koma makarantar da ke kan tudu, da yake ana hutu. Ita ma ta kai Inna da yaranta can.

Da labari ya kai wa Na-Sani, sai ya hau sama ya faɗo. Ya ce Auta ta tozarta shi a idon duniya, hassada ce ke cinta, so take hukuma ta zo ta zubar masa da ruwa.

Ran nan da rana hadari ya haɗu, Auta ta je ɗebo ruwan sha. Tana dawowa yara suka ce Kawu ya zo da babur ya mayar da Inna gidansu na gangare. Wai so yake kowa ya ga inda uwarsa take zaune, a daina yi masa sharri.

Bokitin ma ba ta san inda ta yar da shi ba. Ta gangara a guje, ruwan sama na dukanta kamar da bakin ƙwarya. Ta tarar da Inna zaune a kan tabarma, ta ce ba inda za ta, ɗanta ya rantse mata bangon lafiyarsa ƙalau.

Ba su gama ja-in-ja ba suka ji ƙara kamar ƙasa ta tsage. Auta ta sunkuci tsohuwar ta goya. Suna kaiwa bakin ƙofa ruwan ya iso, ya ture katanga ta faɗo a kan ƙugun Inna. Auta ta rungume ta da hannu ɗaya, ɗayan ta maƙale wata bishiya, tana shan laka tana ihu, har maƙwabta suka jefo igiya suka jawo su.

Gidajen nan babu wanda ya tsaya. Gonar Na-Sani ta koma fadama, kifinsa ya watsu cikin ciyawa, madatsar ta zama wawakeken rami.

A asibiti likita ya ce ƙashin ya ragargaje, da wuya Inna ta sake takawa. Sai ga Na-Sani ya shigo, jiki duk laka, yana ta faɗin ƙaddara ce, ruwa na Allah ne.

Auta ta miƙe.

"Ruwan sama na Allah ne, Yaya. Buhunan naka ne. Babur ɗin da ya mayar da ita ma naka ne. Kada ka ƙara jingina wa Allah abin da ka yi da hannunka."

Inna ta dubi ɗanta. Ta ce ba za ta yi masa baki ba. Amma in an sallame ta, gidansa za ta zauna, kuma ba matarsa ba, ba Auta ba, shi ne zai riƙa ɗaukarta.

Haka kuwa aka yi. Kullum yana goya ta zuwa banɗaki, ya fito da ita shan rana, ya mayar da ita. Maƙwabtan da suka rasa gidajensu suna wucewa ba sa ce masa komai. Auta kan zo ta yi wa Inna wanka, ta gaishe shi a taƙaice, ta tafi. Har yau zuciyarta ba ta huce ba, kuma babu wanda ya iya buɗe baki ya ce ta yi haƙuri.

Darasi: Abu naka ne, amma in ya lalace wasu zai hallaka, to ba kai kaɗai ke da magana a kansa ba. Girman kai ba ya toshe tsaga, kuma sakaci ba ƙaddara ba ne. In ka san mai madatsa, ko mai kunnen ƙashi irin Na-Sani, tura masa wannan labari tun ruwa bai yi magana ba.