Raɓar Tsibirin Malka da Ƙofofi Bakwai

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, an yi Sarki Tanimu na Birnin Dalmu, wanda mulkinsa ya kai iyakar ganin ido. Idon nasa dai ba shi da ƙarfi sosai.

'Yarsa ɗaya ce tak, Gimbiya Lantana, kuma wani matsafi da aka hana mazauni a fada ya yi mata sammu, ta soma komawa dutse tun daga tafin ƙafa. Masana suka ce maganin ɗaya ne, raɓar wani fure da ke Tsibirin Malka, tafiyar wata huɗu a raƙumi, kuma raɓar da hantsi take bushewa.

Aka roƙi aljani Zarmaki, ya yarda zai ɗauki manzo, amma daga bishiyar kuka zuwa bishiyar kuka kawai yake tashi: ɗaya a tsibirin, ɗaya a bayan ganuwar Dalmu. Masana suka kwana uku suna lissafi, suka tabbatar wa Sarki tafiyar ba ta kai damun kunu ba.

Galadima ya fara zuwa. Ya tsinko furen da asuba, ya sauka gindin kuka rana ba ta gama fitowa ba. Sai dai tsakanin kukar da ɗakin Gimbiya akwai ƙofofi bakwai, kowace da dattijonta, Galadima kuwa mutum ne mai tarbiyya. Ya tsaya aka gaisa, aka tambayi hanya, da gajiya, da iyali, aka jajanta wa juna jikin Gimbiya. Da azahar ya iso da busasshen fure. Madaki ya je washegari, ya taƙaita gaisuwar ƙwarai, ya makara da ƙofa biyu kacal.

A ranar nan dutsen ya kai ƙirji. Sarki ya miƙe a gaban majalisa ba rawani, ya ce, "Ya ku manyan ƙasata, numfashin 'yata ya koma kamar na ɗan tsako. Gobe ba za ta iya kirana Baba ba. Ashe duk birnin nan babu mara kunya ko ɗaya?"

Kowa kuwa ya san akwai. Arzika ne, maƙerin fada, wanda ya shekara tara bai amsa sannun kowa ba.

Arzika ya hau aljanin bai ce masa ina kwana ba. Da ya dawo da furen ya ratsa ƙofofi shida kamar kurma. A ta bakwai Sarkin Ƙofa ya tare shi, ya ce, "Ɗan nan, ba ka ga mutane ba ne?"

"Na gani, Baba. Matsa."

Raɓa ta ɗiga a leɓen Gimbiya, dutsen ya zube kamar tsohon yaɓe. Da ta ji labari, ita da kanta ta ce maƙerin take so, Sarki ya ɗaura musu aure ranar Juma'a, ƙasa ta zauna lafiya.

Majalisa kuwa ta yi zama na musamman kan abin da ya jawo jinkirin farko. Ta sami aljanin da laifin rashin sauri.