Cindo da Ƙwan Zabo

Ga ta nan, ga ta nanku, ta iso bakin tabarma.

Ta zo mu ji ta, Iya, mun ba ta wuri.

To ku gyara zama. Ke Hajo, daina ɓuya a bayan yayarki. Na ji labarin yakushin da kika yi wa 'yar maƙwabta a bakin rijiya don ta zagi babanki. Ba dukanki zan yi ba. Matso kusa da ni, wannan taki ce.

A wani gari da ake kira Kurmin Ɗorawa, an yi wata mata mai suna Tabawa. Sana'arta daddawa. Ta dafa kalwa, ta surfa, ta wanke, ta rufe ta har ta yi wari, sannan ta daka ta mulmula ta kai kasuwa. Duk garin babu miyar da ake kaɗawa ba da daddawarta ba. Amma warin ya kama zanenta, ya kama jikinta, ko wanka bakwai ta yi ba ya fita.

Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya tak. Sunansa Cindo, don da yatsa shida aka haife shi a hannun dama. Shi ne ɗan farinta, saboda haka kunya ba ta barin ta kama sunansa, balle ta ce "ɗana" a gaban mutane. Sai dai ta ce, "Kai wannan."

Cindo ya tashi ɗan dambe kamar ubansa. Kai, yaro ya yi yaro! In ya dunƙule hannun nan mai yatsa shida, sai ka ce kan taɓarya. Shekara uku a jere babu wanda ya kai shi ƙasa. Amma duk ranar kasuwa, shi ke ɗauko wa uwarsa kwandon daddawa a ka, ya zauna a gefenta yana kore mata ƙuda.

To a garin nan akwai doka. Ranar da aka fara naɗa wa ɗan dambe zare a hannu, sai ya yi rantsuwa a gaban Sarkin Fawa, shugaban mahauta, wanda dambe ke hannunsa. Hannun dama, wanda suke kira mashi, ba zai sauka a jikin kowa ba sai a filin dambe, a can ma sai a kan wanda shi ma ya naɗe nasa. Duk wanda ya karya wannan, a ƙona zarensa a tsakiyar kasuwa. Shi da fili kuma har abada.

A ƙetaren kogi akwai wani ɗan dambe, Jatau. Sau biyu yana karawa da Cindo, sau biyu yana cin ƙasa. Ga damben kaka ya matso. Sai Jatau ya ce a ransa, "Wannan a fili ba zan iya da shi ba. Amma in na sa ya dake ni a kasuwa, an ƙona zarensa, fili ya zama nawa."

Ranar kasuwa sai ga Jatau. Sai ya tsaya a gaban Tabawa. Sai ya toshe hanci ya ɗaga murya.

"Jama'a, wane mushe ne ya mutu a kasuwar nan? Af, ashe uwar Cindo ce!"

Sai Cindo ya miƙe. Hannun nan ya dunƙule da kansa. Sai Tabawa ta riƙe bakin rigarsa.

"Kai wannan, ɗauki kwando mu tafi gida."

"Inna, ba ki ji abin da ya ce ba?"

"Kunnena ƙalau. Ɗauki kwando."

Da suka isa gida, sai ta shiga akurki ta fito da ƙwan zabo guda. Sai ta buɗe hannunsa na dama ta ɗora masa.

"Daga yau, duk inda za ka, da shi za ka. A wannan hannun. Kullum da yamma zan tambaye ka."

"Inna, to tuwo fa? Da hagu zan ci?"

"In za ka ci tuwo, sa shi a hammata."

Haka aka yi. Cindo, dodon fili, ya dinga yawo a gari da ƙwai a hannu kamar kaza mai kwanci. Da yamma ta ce, "Ina ƙwaina?" Ya ce, "Ga shi, Inna."

Kasuwa ta zagayo. Sai ga Jatau, wannan karon har da makaɗin kalangu. Sai makaɗi ya saki kiɗa. Sai Jatau ya kama rawa a gaban kwandon, yana waƙa:

"Tsohuwa mai wari,
Ƙuda ne danginki,
Ungulu ta gan ki,
Ta ce ga yayata!"

Marasa kunya suka yi ta dariya. Wasu kuwa suka matso kusa da Cindo suna zuga shi. "Haba Cindo! Uwarka fa ake zagi! Ina amfanin hannun?" Idon Cindo ya kaɗa ya yi ja. Yatsunsa suka fara matsewa. Sai ya ji ɗumin ƙwan a tafinsa. Sai ya sassauta. Gumi ya yi ta zuba masa har kasuwa ta watse.

A gida ta ce, "Ina ƙwaina?"

Ya ce, "Ga shi, Inna. Amma karɓi abinki. Gara a ƙona zaren. Yau har yara sun kira ni matsoraci. Ina ji ina gani ana wulaƙanta ki, to me na zama?"

Sai Tabawa ta zauna a kan turmi. Sannan ta ce:

"Ka taɓa tambayar kanka me ya sa ba ka taɓa ganin ubanka a fili ba? Ina amarya wani ya zage ni a kasuwar nan. Ubanka ya kai masa naushi ɗaya da hannun dama, ya zubar masa da haƙora huɗu. Ranar na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Washegari aka ƙona zarensa. Shekara ashirin, duk sanda ya ji kalangu, sai ya shige ɗaki ya toshe kunne. Ni kuwa, wallahi, yau ko za a yanka ni ban tuna abin da mutumin ya ce mini ba. Na rasa hannu ɗaya a gidan nan saboda ni. Ba zan rasa na biyu ba."

Cindo ya sunkuyar da kai. Sai ya mayar da ƙwan cikin tafinsa.

Kasuwa ta uku ta zo. Jatau ya ga dambe ya kusa, tarkonsa bai kama komai ba. Sai ya zo a fusace. Ya zagi warinta, shiru. Ya zagi giɓinta, shiru. Ya faɗi wata magana a kan haihuwar Cindo da yatsansa na shida, wadda bakina ba zai maimaita muku ba. Cindo yana tsaye, hawaye na bin kumatunsa, amma hannun nan bai rufe ba.

Sai haushi ya rufe wa Jatau ido. Tabawa na riƙe da faifan daddawa. Sai ya ɗaga hannunsa na dama ya make faifan. Bayan hannunsa ya sami kafaɗarta. Tsohuwa ta faɗi zaune, daddawa ta watse a ƙasa.

Sai Cindo ya yi taku ɗaya. Kun san hannun hagu, wanda 'yan dambe ke tare duka da shi, garkuwa suke ce masa, kuma babu shi a cikin rantsuwa. Da shi Cindo ya cafke wuyan hannun Jatau. Bai dake shi ba. Riƙewa kawai ya yi. Jatau ya fizga, ya sake fizga, kamar akuya a turke.

Cindo ya ce, "Bakinka na bar maka. Amma hannunka ba zai ƙara isa gare ta ba. Durƙusa ka tsince."

Sai Jatau ya durƙusa. Da hannu ɗaya ya tsince daddawar nan, ɗaya bayan ɗaya, yana hure ƙasa, duk kasuwa na kallo. Cindo kuwa ya ɗaga hannunsa na dama sama, ya buɗe. Ga ƙwai nan lafiya lau, ko tsagewa bai yi ba.

Sai ga Sarkin Fawa ya ratso taro da sandarsa.

"Jatau, da wane hannu ka make faifan?"

Sai Jatau ya kau da kai.

"Na ce da wane hannu?"

"Da na dama, ranka ya daɗe."

"Tsohuwar nan ta naɗe hannu?"

"A'a."

"Nan filin dambe ne?"

"A'a."

"To a kawo zarensa, a kawo wuta."

Kun ji wawa. Ya zo a ƙona zaren wani, ya manta shi ma ya yi rantsuwar.

Sai Tabawa ta miƙe. Ta kaɗe zanenta. Ta gyara ɗaurin kallabinta. Ta ce, "Sarkin Fawa, Allah ya ja zamaninka, ina da roƙo."

"Faɗi, Tabawa. Ke aka yi wa laifi."

"Kada a ƙona tukuna. A bar shi ya naɗe hannunsa sau ɗaya, ya shigo fili ranar damben kaka, inda doka ta yarda, inda shi ma yake da ikon ramawa. Ɗana ya gaji da riƙon ƙwai. Ina so ɗana ya ajiye shi."

Ɗana! Har sau biyu, a tsakiyar kasuwa! Matar da tun da ta haife shi ba a taɓa jin kalmar a bakinta ba. Mata suka rangaɗa guɗa. Cindo kuwa, wanda zagi uku bai kayar ba, sai da ya dafa rumfa.

Ranar dambe ta zo. Fili ya cika maƙil, har mutanen ƙetare sun hayo kogi. Kalangu ya ɗauka. Tabawa ta zo da zanenta mai warin nan, ta zauna a gaba, kanta a sama. Sai Cindo ya durƙusa a gabanta ya miƙa mata hannu. Yana buɗewa sai suka ji ƙwas. Ƙwan ya tsage. Sai ga ɗan tsakon zabo ya leƙo, jiƙe sharkaf, yana tsuwa a tafin da duk ƙasar ke tsoro. Ta karɓe shi ta sa a cinyarta.

Ta ce, "Je ka."

Aka naɗa wa Cindo zare. Aka naɗa wa Jatau. Suka shiga. Jatau ya kawo duka, Cindo ya tare. Ya sake kawowa, ya tare. Ya kawo na uku, ya tare. Sai Cindo ya saki hannun nan sau ɗaya. Tim! Wallahi yara, da ina wurin da na yi rawa. Jatau ya yi sama ya dawo ƙasa, ƙura ta tashi. Aka yi ta yi masa fifita.

Mutanen gari suka ɗaga Cindo a kafaɗa. Sarkin Fawa kuwa ya kwance zaren Jatau ya jefa a wuta, don doka ba ta fasa ba.

Muƙamuƙin Jatau ya kumbura. Ba ya iya tauna ko tuwo mai laushi, ba ya iya haye kogi. Aka kwantar da shi a zauren Sarkin Fawa. Mutanensa suka ji kunya suka gudu suka bar shi. Da rana ta yi, sai ga kwanon miya mai ɗumi an aiko. Ya kurɓa. Washegari aka sake aikowa. Ya shanye har da lashe kwano. Rana ta uku sai ga mai miyar da kanta. Tabawa ce.

Jatau ya rasa inda zai sa idonsa. Da ƙyar ya buɗe baki ya ce, "Inna, tun da uwata ta haife ni ban sha miya irin wannan ba. Me kike sa mata?"

Ta ce, "Mushen nan da ka ce ya mutu a kasuwa."

Sai Jatau ya fashe da kuka, ya kama ƙafarta yana neman gafara. Ta ce, "Sha miyarka kada ta huce."

Me kika ce, Hajo? Ai ƙarshe ya dake shi? Ya dake shi mana, kuma ni ban ji haushi ba. Amma duba ki gani. Da aka zagi uwarsa, ya riƙe hannunsa, ko da yake zuciyarsa na ƙuna. Da aka taɓa jikinta, bai tsaya kallo ba, ya tare. Dukan kuwa sai da ya kai shi gaban manya, aka ce an yarda, a inda ɗayan ma ke da hannu a naɗe. Ba shi da ƙarfin dukan ne tun ranar farko? Yana da shi. Riƙe ƙwan nan ya fi dukan wuya, kuma shi ya sa uwarsa ta ce "ɗana".

Son da kike yi wa babanki, ina alfahari da shi. Amma gobe da safe babanki ne zai je gidan maƙwabta ya durƙusa ya ba da haƙuri saboda farcenki. Ki zo in ba ki ƙwai kafin ki tafi rijiya.

Ƙurunƙus, kan ƙusu ya faɗa tukunyar daddawa. Kowa ya naɗe tabarmarsa.