Ƴar Ƙofar da Hamidu Ya Toshe

Akwai wani mutum a tsohon garin Agadas mai suna Hamidu, dabino da gishiri yake sayarwa a kasuwa. Abin ya faru a shekarun fari, lokacin da soji ke riƙe da ƙasa. Ko farin farko ne ko na biyu, yanzu ba zan rantse ba, shekarun sun cakuɗe mini. Abin da na riƙe shi ne ƙoramar Telwa ba ta kawo ruwa ba a shekarar, kuma mutanen daji sun cika gari bayan dabbobinsu sun ƙare.

Hamidu ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Yana zaune da mahaifiyarsa, Inna Balki, wadda ƙafafu suka yi wa nauyi, ido kuma ya rage. Matarsa ta tafi Damagaram haihuwa, iyayenta suka ce ta dakata sai abubuwa sun yi sauƙi.

A jikin katangar da ta raba gidansa da na maƙwabciyarsa Kadidia akwai wata ƴar ƙofa gajeriya, sai an sunkuya ake wucewa, ba ta da ƙyaure. Gidaje da yawa a unguwar suna da irinta. Ta nan mata ke ɗebo wuta, su ari turmi, su leƙa mara lafiya ba sai sun ɗauki mayafi sun zaga ta waje ba. Idan Inna Balki tana son wani abu, sandarta take bugawa a jikin wata tsohuwar tasa, Kadidia ta sunkuyo ta shigo.

Kadidia mutuniyar wajen Ingal ce, aure ya kawo ta gari, mijin kuma ya rasu. Da fari ya yi tsanani, wanta da ake kira Bahago ya sauka gidanta da iyalinsa. Raƙuma da awaki duk sun mutu a hanya. Tabarma da butar shayi kawai ya shigo da su.

A lokacin ne sata ta yi yawa. A garin da a da ɗan kasuwa zai rufe kayansa da tabarma ya tafi salla, sai ga shi ana kwance akuya daga turke, ana ɗauke guga a bakin rijiya. Wata mata har tukunya aka sauke mata daga kan murhu da tuwon a ciki. Kullum da safe hirar ke nan, gidan wa aka shiga jiya. Na yi yawo a garuruwa da dama, na lura labarin sata yakan fi satar kanta yawa, amma dai satar akwai ta.

Wata rana Hamidu ya ga kamar buhun hatsinsa yana sauka fiye da abin da suke ci. Ya ɗauki gawayi ya yi alama a jikin buhun. Bayan ƴan kwanaki hatsi ya yi ƙasa da alamar. Ya fito tsakar gida ya tsaya yana duban ƴar ƙofar nan. Ta cikinta yana hango ƙafafun baƙin Kadidia suna kai da kawo.

Inna Balki ba ta kiran sunansa, don shi ne ɗanta na fari. Ta ce, "Mai dabino, ba wanda ya saci hatsinka."

Ya ce, "To ɓera ne, Inna? Ɓeran da ke ɗaure bakin buhu in ya gama?"

Ta ce, "Ni ce. Mata na yin sallama da rana, goyo a baya, ba sa ma iya ɗaga murya. Nakan ce su shiga su ɗebi hannu ɗaya."

Hamidu ya girgiza kai. "Kare su kike yi. Ke ba kya gani, ni ina gani. Tun da mutanen nan suka sauka buhun ya fara ramewa."

Washegari ya kira Lukumanu magini. Lukumanu ya dubi ƙofar ya sosa ƙeya ya ce, "Hamidu, kakana ne fa ya buɗe wannan. Ni kuma in zo in toshe?"

Hamidu ya ce, "Gini na kira ka, ba tarihi ba."

Aka kwaɓa ƙasa, tubali ya fara hawa. Kadidia tana tsaye daga nata gefen. Da ya rage saura fuskarta kaɗai ake gani, ta ce, "Malam Hamidu, wa zai riƙa duba Inna?"

Ya ce, "Ɗanta yana da rai."

Ta ce, "Allah ya bar shi da ransa."

Bahago yana zaune can kan tabarma yana zuba shayi da hannun hagu. Ya ji komai, bai ɗago kai ba.

Hamidu bai tsaya nan ba. Ya sa aka ƙara wa katanga tsawo, aka dasa fasassun kwalabe a samanta. Maƙeri ya buɗe masa tano, wato gangar mai, ya yi ƙyauren ƙarfe, shi kuma ya sayi babban kwaɗo. Idan zai tafi kasuwa sai ya ajiye wa tsohuwa tulun ruwa da fura kusa da shimfiɗarta, ya kulle gidan ta waje, ya jefa mabuɗi a aljihu.

Inna Balki ta ce, "Ka sa ni kurkuku ba tare da an je gaban alƙali ba."

Ya ce, "Tsaro ne, Inna. Zamani ya lalace."

A kasuwa ma maganarsa ke nan. Da ƴan kasuwa suka haɗu za su kai kuka ga hukuma, muryarsa ta fi ta kowa. Ya ce a yi kame, duk wanda ba shi da takardar shaida a kwashe shi, gari ya huta.

Aka kuwa yi kamen. Ran nan cikin bazara ne, irin zafin da tun hantsi ƙasa ke ƙona ƙafa. Hamidu ya fito da niyyar komawa gida da azahar kamar kullum. Sai ga kamiyon soji, manyan motocin nan, sun tare bakin kasuwa, aka ce kowa ya nuna takarda. Hamidu ya laluba aljihu, mabuɗi kaɗai ya ji. Takardarsa tana cikin akwati a ƙuryar ɗaki, shi da kansa ya ɓoye ta saboda ɓarayi.

Aka zuba su a mota, aka kai su wani fili mai katanga, aka ce su zauna a ƙasa.

Hamidu ya matsa kusa da sojan da ke bakin ƙofa ya ce, "Shef, ni ɗan gari ne, kowa ya san ni."

Sojan ya ce, "Tun safe duk wanda ke nan ɗan gari ne. Takarda."

"Tana gida."

"Sai mutanen gidan su kawo."

"Gidan a kulle yake. Ga mabuɗin a hannuna. Uwata ce kaɗai a ciki, ba ta iya tafiya."

Sojan ya dube shi daga sama har ƙasa. "Ka kulle uwarka? To kai ma ɗanɗana. Ba mai fita, ba mai aike, sai babbanmu ya zo. Koma ka zauna."

Hamidu ya koma ya zauna cikin mutanen da shi ya ce a kwashe. Wani tsohon makiyayi da ke gefensa ya warware ɗan rawaninsa ya yi musu inuwa su biyu, bai tambaye shi ko wane ne ba. Azahar ta yi, la'asar ta wuce, babban bai zo ba. Hamidu yana ta juya mabuɗi a hannu yana tunanin tulun nan, ko ruwan zai kai ta, ko ma za ta iya karkata shi ita kaɗai. Ya tuna tasar da take bugawa. Ya tuna kaurin tubalin da ya tsaya a kan Lukumanu sai da ya jera shi biyu. Ko da an ba shi damar aike, ya rasa wanda zai aika wa, don babu maƙwabcin da bai zarga ba.

Nan suka kwana. Da hantsi mai unguwa ya zo yana nuna mutanensa, ya nuna Hamidu. Mai unguwa ya buɗe baki zai gaya masa wani abu, Hamidu bai tsaya ji ba, ya fita da gudu ba takalmi.

Ya tarar da kwaɗo yadda ya bar shi. Ya buɗe ya shiga. Shimfiɗar Inna ba kowa. Tulu a fashe, sandarta a yashe, tasar ta lotse. A jikin katanga kuwa, daidai inda ƴar ƙofar take a da, ga wani ƙaton rami, tubali a warwatse.

A bakin ɗakin hatsi Bahago ne zaune, sanda a kan gwiwa, hannunsa na hagu naɗe da tsumma mai jini. An ce idon Hamidu kan buhuna ya fara sauka kafin ya tuna abin da ya kawo shi. Allah ne masani, ni ban ga wannan ba.

Ya ce, "Ina Inna?"

Bahago ya nuna ramin da haɓa. "Tana can tana shan kunu. Sunkuya ka shiga, maigida."

Hamidu ya sunkuya ya shiga gidan da ya kira na ɓarayi. Ya samu tsohuwa jingine da bango a ɗakin Kadidia, an ɗaure mata ƙugu da zane, matar Bahago tana yi mata fifita.

Kadidia ta ba shi labari ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce bayan azahar suka ji tasa. Da farko da ƙarfi, sannan a hankali, daga baya shiru. Suka zaga waje, ƙarfe da kwaɗo. Bahago ya kama katanga zai hau, kwalba ta tsaga masa hannu. Suka ɗauko taɓare suka hau dukan inda aka toshe, amma ƙasar ta bushe kamar dutse, taɓarya sai tsalle take yi.

Ta ce, "Sai muka zuba mata ruwa don ta yi laushi."

Hamidu ya dubi randunan gidan. Duk a kife suke. Ya san tun asuba matan nan ke tsayawa a bakin pampo kafin su samu abin da za su sha a yini.

Ya ce, "Duka?"

Ta ce, "Duka. Yara sun yi haƙuri har magariba. Mun same ta a ƙasa kusa da tulun, ta ja shi ya kife ya fashe, ita ma ta faɗi. Harshenta ya bushe. Ɗan abin da ya rage a butar shayin Yaya shi muka ɗiga mata a baki. Da ta farfaɗo na je na gaya wa mai unguwa ba ka dawo ba."

Inna Balki ta juyo da kai wajen muryarsa ta ce, "Mai dabino, ka zo? Ina mabuɗin?"

Ya ce, "Ga shi, Inna."

Ta ce, "Riƙe shi da kyau. Jiya na yi ta kiransa, bai kawo mini ruwa ba."

Hamidu ya koma ta ramin ya tsaya gaban Bahago, ya tambaye shi me ya zaunar da shi nan.

Bahago ya ce, "Mu muka fasa maka katanga. In wani abu ya ɓace kafin ka dawo, mu ne. Kuma ko ba don haka ba, ba a barin gidan maƙwabci a buɗe ba kowa. Je ka duba gawayinka."

Ashe Lukumanu ya riga ya ba duk unguwa labarin alamar. Hamidu bai je ya duba ba. Ya durƙusa ya kama hannun nan mai tsumma. Bahago ya zare hannunsa a hankali ya ce, "Da zafi, maigida. Sake ni in je in kwanta, ban runtsa ba."

Da yamma Hamidu ya aika aka kira Lukumanu. Ya zo da kwandon ƙasa a ka, yana murmushi. "A sake toshewa? Wannan karon sai dai mu sa dutse."

Hamidu ya ce, "A'a. Gyara bakinta. Ka ƙara mata faɗi, yadda mutum zai wuce ɗauke da tsohuwa."

Kwalaben ma shi da kansa ya hau ya cire su. Ƙyauren ƙarfe ya bar shi, amma mabuɗin a gefen Kadidia ake rataye shi. Buhun kuma, da hatsi ya sauka ƙasa da alama, bai ƙara tambaya ba.

Sata ba ta ƙare a gari ba sai da ruwa ya dawo mutane suka samu abin yi. Amma lungun su Hamidu ban ji an sake shiga ba, domin Bahago da mutanensa a bakin lungun suke yini da butarsu, ba fuskar da za ta wuce ba su gaishe ta sun tambayi inda ta nufa ba. Inna Balki ba ta ƙara tsayawa da ƙafafunta ba bayan faɗuwar nan. Ta dai rayu har ta riƙe jikanta da aka kawo daga Damagaram.

Zuwana na ƙarshe unguwar na ga ƙofar tana nan. Yara na ta shiga da fita ta cikinta, na kasa gane waɗanne ne na wane gida.

Darasi: Kulle gida ba laifi ba ne, amma babban tsaron mutum shi ne maƙwabcin da zai ji motsinsa ya taso. Kada tsoron ɓarawo ya sa ka ɗora wa mai yunwa laifin da ba ka gani da idonka ba, kuma kada ka toshe hanyar da taimako zai bi ya same ka. Ku isar da wannan ga ƴan'uwa da maƙwabta, musamman wanda kuka daɗe ba ku ƙwanƙwasa masa ƙofa ba.