Jan Babur a Mashigin Rafi

Akwai wani manomi da gidansa ke gindin dutse, gonarsa kuwa tana bayan dutsen. Tsakanin gida da gona hanya ɗaya ce, in dai za a yi mata kara a kira ta hanya: ta hau kan duwatsu, ta gangara kwari, ta tsallake rafi, sa'an nan ta sake hawa. Dankalin Turawa yake nomawa. Mutanen ƙauyen suna kiransa Baban Kefas, matarsa Liyatu kuma Maman Kefas, ko da yake Kefas ɗin ya daɗe da girma ya tafi birni. Yana aiko da gaisuwa jefi-jefi, gaisuwa kuwa ba ta ɗaukar buhu.

Tun suna da ƙuruciya, shi ke haƙa, ita ke ɗauka. Haka suka tarar, haka suka ci gaba. Duk dankalin da ya taɓa fita daga gonar nan, a kan Liyatu ya ƙetare rafi. Gashin tsakiyar kanta ya zube inda gammo ke zama. Ba ta taɓa yin maganar ba, shi ma bai taɓa tambaya ba, gama a ƙauyen nan mace mai irin wannan kai sunanta mai himma.

Wata shekara sai numfashinta ya soma gajarta. Ya kai ta ɗakin shan magani. Malamin asibiti ya ɗora abin sauraro a ƙirjinta, ya daɗe yana ji, sa'an nan ya dubi mijin ya ce, "Baba, zuciyar Mama ta gaji. Zan ba ta ƙwayoyi, amma maganin gaske shi ne kada ta ƙara ɗaukar kaya. Ko tulun ruwa."

Suna komawa gida Liyatu ta ce, "To, dankalin zai tsiro da ƙafa ne ya riƙa zuwa gida da kansa?"

Ya ce, "Ni zan saya masa ƙafa. Ke dai kin gama da gammo, Maman Kefas. Na faɗa, Allah kuma ya ji."

Da gaske yake. Ya sayar da bijiminsa, ya rage hatsin rumbu, ya shiga mota sai birni, wurin wani dillali mai sayar da babura masu ƙafa huɗu, irin waɗanda ake shiga daji da su. Ƙarshen rani ne, saura kaɗan bikin Ista. Manomi ba ya da abin saye sai da rani, da rani kuwa kowace hanya mai ladabi ce.

Babura biyu ne ƙarfinsa ya kai. Ɗaya tsoho ne, na masu haƙar rijiyoyi, fentinsa ya koɗe har ba a sanin launin da aka haife shi da shi. Cikinsa a ɗage yake nesa da ƙasa, yana da ƙaton ƙarfen ɗora kaya a baya, in an tashe shi kuma yakan yi tari kafin ya yarda. Ɗayan ja ne wur, kujerarsa da laushi, fitilunsa kamar idon mage, hon ɗinsa har waƙa yake yi.

Dillali ya buga tsohon da tafin hannu ya ce, "Wannan, Baba, tayoyinsa huɗu duk suna ja. In ka ga dama ka bari ruwa ya sauka, ka zo ka ɗauke shi, ka hau dutsenka, ka shiga rafinka, in ya yi maka sai mu yi ciniki. Na san fastonku. Ba inda za shi, ba wanda ke rububinsa."

"Wancan jan fa?"

"Wancan kam sai dai nan da can a kan kwalta, ka juyo. Ba na son ƙura ta taɓa shi. Kuma akwai wanda ya taya jiya, ya ce zai dawo."

"Zai hau dutse?"

"Haba Baba. Dubi tayoyinsa mana."

Ya duba. Tayoyi ne masu kyau ƙwarai, ba wanda zai yi musu.

Sai Baban Kefas ya yi shawara da zuciyarsa, shawarar mutumin da ya tsufa yana sayar da awaki. Akuyar da kake cewa mai saye ya tafi da ita ya biya daga baya, ai akuyar da kake son rabuwa da ita ce. Wadda kake riƙe da igiyarta gam, ba ka son a taɓa, ita ce ta kirki. Don haka, in ji zuciyarsa, jan ne mai daraja.

Akwai kuma wani abu da zuciyar ta faɗa a hankali, don kada ya ji sosai. Ran Litinin ɗin Ista dukan ikilisiya takan hau kan dutse, abin da suke kira zuwa Galili, da abinci da ganguna da sababbin tufafi. Wanda ya jira ruwa ya sauka, Galilin bana ta wuce shi. Shi kuwa tun yana tsaye a shagon nan ya riga ya ga kansa a kan jan babur, 'yan Zumuntar Maza suna matsawa gefe suna ba shi hanya.

Ya biya, ya tafi da ja.

Liyatu ta kewaye babur ɗin sau ɗaya, hannuwanta a baya kamar mai duba amarya. Ta ce, "Kyau kam, ya fi mu duka. Ya san rafi?"

"Za su saba."

Ya kai shi ya ƙetare a gabanta, ya dawo. Sai dai a watan nan rafin ba ya gida, yashi kawai ya bari yana tsaron wurin.

Ran Lahadi aka kai babur ƙofar majami'a don a keɓe shi, kamar yadda aka saba yi wa kowane sabon abin hawa. Fasto ya ɗora hannu a kan tankin mai, ya roƙi Allah ya tsare shi daga haɗari da ɓarayi da mugun ido, jama'a suka ce amin da ƙarfi. Bai roƙi Allah ya ɗaga cikinsa daga ƙasa ba, gama ba wanda ya gaya masa ana bukatar haka. Daga ranar, in wani ya tambayi Baban Kefas ko abin zai jure damina, sai ya ce, "An yi masa addu'a." Ba mai ƙara magana, don ba wanda ke son a ce yana gardama da addu'a.

Ran Galili ya ɗauki Liyatu a baya. Ta riƙe ɗankwalinta da hannu ɗaya, ta riƙe rigarsa da ɗayan, tana ta cewa, "A hankali, dattijo, ba ni da wata ƙafar a gida!" Tana faɗa tana dariya. Da suka kai sama, ta sauka ta tsaya tana duban kwari da gonaki da rufin gidaje can ƙasa.

Ta ce, "Ashe haka wurin nan yake. Duk shekarun nan ban taɓa gani ba."

"Ba kullum kike bi ta nan ba?"

"Mai kaya a ka yana ɗaga kai ne?"

Ranar ta yi waƙa tare da Zumuntar Mata har ƙarshe, numfashinta bai yanke ba. Baban Kefas ya ce a ransa ko da wannan kaɗai babur ɗin ya yi, ya biya. Da ya san za a karɓi maganar tasa yadda ya faɗe ta, da ya ƙara tunani.

Ruwa ya sauka. Dankali kuwa ba irin hatsi ba ne da ke jiran kaka. A tsakiyar damina ake haƙarsa, lokacin da hanya ta fi muni, in kuma an tara shi a jiƙaƙƙiyar gona, ruɓa yake yi ba tare da neman izini ba. Baban Kefas ya haƙe gonar duka, ya tara tsibi-tsibi, ya ɗaura buhunan farko, ya gangaro.

A mashigin rafi ruwa ya kai gwiwa. Ya shiga. Tayoyin baya suka soma juyawa a wuri ɗaya suna watsa laka, na gaba kuwa suka tsaya suna kallo, gama ba a yi su don ja ba. Ya ƙara wuta. Cikin babur ya zauna a kan wani dutse da ke ƙarƙashin ruwa, aka ji ƙas, baƙin mai ya bi rafi. Inji ya sha ruwa ya yi shiru. Hon ɗin dai bai daina waƙa ba, da ya danna shi yana kiran taimako.

Maza suka zo da igiya suka jawo shi gida. Bakaniken ƙauye ya buɗe, ya duba, ya rufe, ya ce bai taɓa ganin hanjin irin wannan ba, sai dai birni. Baban Kefas ya nemi masu ɗauko masa dankali, amma kowane gida na fama da nasa, kowace mace kanta a ƙarƙashin daro yake. Bijimin da zai ja amalanke ko zuwa bakin rafi, shi ne ya zama babur.

Kafin ya tafi birni ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "Maman Kefas, kada ki taɓa ko ƙwaya ɗaya. Kin ji ni?"

"Na ji."

"Ko ya ruɓe, ya ruɓe."

"Na ce na ji, Baban Kefas. Tafi kada mota ta cika."

Dillali ya saurari labarin da tausayi sosai. Ya ce, "Rafi ka shiga da shi, Baba? Da buhuna? Ai wannan na yawon shan iska ne."

"Ka ce zai hau dutse."

"Cewa na yi ka dubi tayoyinsa."

Baban Kefas ya nemi ƙaryar da zai kama mutumin da ita, bai samu ba. Kayan gyaran kuwa sai an aiko daga nesa. Gobe, in ji dillali. Ya kwana gidan Kefas, goben ta zo ta ce wata goben. Da ya ga gobe ba ta da niyyar ƙarewa, ya hau mota ya koma hannu wofi.

Da la'asar ya iso. A ƙarƙashin rumfa ya tarar da tsibin dankali, an zaɓe na kirki an ware masu tabo. Zuciyarsa ta yi sanyi, ya ce maƙwabta sun ji tsoron Allah. Ya kira Liyatu don ya tambaye ta wa zai je ya gode wa. Ba amsa. Sai ya sake duban tsibin da kyau, ya ga yadda aka jera shi, manya a ƙasa ƙanana a sama. Mutum ɗaya ya sani a duniya mai jera dankali haka.

Bai san yana iya gudu ba har yanzu. Ya same ta a hayin rafi, ta jingina da wata bishiya. Daro yana gefenta a ajiye daidai, ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba. Leɓunanta sun yi duhu.

Ta ce, "Sun fara ruɓa ne. Na ce in riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Ba na cika daron."

"Na hana ki."

"Ka hana. To me za mu ci?"

Ya goya ta. Yana tsakiyar ruwa ya gane ba ta kai nauyin buhu ɗaya ba, ya kuma gane wannan ne karo na farko da shi ya ɗauki wani abu ya ƙetare rafin nan da shi a bayansa. Ta kwantar da kai a kafaɗarsa ta ce ya tuna ya aika a ɗauko daron, na aro ne.

Ba ta kai Lahadi ba.

A wurin jana'iza mutane suka ce nufin Allah ne. Baban Kefas bai yi musu ba. Ya dai lura cewa ranar da yake tsaye a shagon dillali, ba a tambayi Allah nufinsa ba.

'Yan'uwa da ke zaune a majami'ar nan, ga ma'anar wannan misali, ga wanda yake so ya ji.

Babur ɗin nan shi ne duk abin da mutum ya ɗora wa nauyin ransa da na gidansa: sana'a, ko aboki, ko malamin da kake bi, har ma bangaskiyar da kake cewa kana da ita. Dukanmu da rani muke zaɓe, lokacin da akwai lafiya da abinci, kuma da rani kowane abu yana ƙetare rafi. Amma abin kirki ba ya tsoron a gwada shi. In ka ga koyarwa, ko mutum, ko ciniki, da ba ya son tambaya, yana cewa yau ne ko ka rasa, a kan kwalta kawai za ka taɓa shi, to ba daraja ce ta hana a gwada shi ba. Gaskiya takan ce maka, je ka da ni, ka dawo bayan ruwa. Ba ta cika kyan fenti ba, shi ya sa ba a rububinta.

Kada kuma wani ya fita nan ya ce an raina addu'a. Addu'ar fasto ba ta faɗi ƙasa ba: ɓarawo bai taɓa babur ɗin ba har yau. Laifin yana wurin wanda ya gama zaɓe tukuna, sa'an nan ya kawo wa Allah ya sa hannu. Allah ya ba mu gwiwa, ya kuma ba mu ido, bai ce a yi amfani da ɗaya a ajiye ɗaya ba.

Mutumin nan ba mugu ba ne, wannan shi ne abin tsoro a cikin labarin. Yana ƙaunar matarsa, ya sayar da bijiminsa dominta. Sha'awar a gan shi ran Galili 'yar ƙarama ce, ba ta kai a kira ta zunubi a gaban dattawa ba. Amma ita ta riƙe kan babur ranar ciniki.

Abu na ƙarshe, shi ne mafi nauyi. Zaɓen da ya kasa ɗaukar kayansa, kayan ba ya ɓacewa. Wani ne zai ɗauka, kuma ba kasafai yakan zama wanda ya yi zaɓen ba. A kowane gida akwai mai cewa "na ji" sa'an nan ya tashi ya yi abin da ba makawa sai an yi, ba ƙara, ba gunaguni. Ba sai na faɗi sunansa ba, kowa ya san nasa. Wataƙila yana zaune kusa da kai a kan bencin nan. In an tashi sujada, kada ka tsaya dogon gaishe-gaishe a ƙofa. Ka bi shi gida, ka tambaye shi me yake ɗauke da shi, tun yana da numfashin amsawa.