Tsallen Sarki Daga Kwale-kwale

An yi wani sarki a bakin wani babban kogi, wanda ranar wata Alhamis da hantsi, yana dawowa daga rangadi, ya ƙosa da jiran a ɗaure kwale-kwalensa, sai ya yi tsalle zuwa gaɓa. Jirgin ya ja da baya, shi kuwa ya faɗa ruwa har wuya a gaban jama'arsa. Fadawa suka rantse cewa matuƙin, wani dattijo mai suna Dantsoho, shi ya janye jirgin da gangan, aka yanke hukuncin a ƙone jirginsa, a kore shi daga ƙasar.

Waziri Hamidu ya roƙi jinkiri. Sarki ya ba shi zuwa la'asar, bisa sharaɗin in bai kawo wani mai laifin ba, a kore su tare.

Waziri ya sa aka zaunar da Dantsoho can nesa a inuwa, aka kawo jirgin ba kowa ciki, ya umarci bafaden da ya fi kowa rantsuwa ya shiga ya yi tsalle. Ya yi, jirgi ya gudu, shi kuwa ya faɗa ruwa, ya fito ya ce iska ce. Na biyu ma ya yi tsalle ya faɗa ruwa, ya ce aljanun kogi ne. Na uku ya ce asiri ne, domin ya hango leɓen tsohon yana motsi.

Waziri ya dafe kai, ya yi istigfari, ya sa aka loda wa jirgin buhunan gero, aka maimaita tsallen. Jirgi ya ɗan motsa kaɗan, bafade ya dira gaɓa lafiya.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, iskar tana nan, aljanun ba su yi hijira ba, tsohon kuma bai daina tasbihinsa ba. Ƙafar da ke neman zuwa gaba tilas ta tura abin da ta taka zuwa baya, kuma gwargwadon rashin nauyin abin, gwargwadon gudunsa. Mai laifin da aka ce in kawo yana cikin takalmin sarki."

Sarki ya daɗe yana kallon fadawansa suna matse riguna, sa'an nan ya ce, "Waziri, ka jiƙa mini fada, amma ka yi gaskiya. Kafin mai mulki ya hukunta wanda ke bayansa, ya wajaba ya fara duba abin da ƙafarsa ta aikata."

Aka yafa wa waziri alkyabba, aka mayar wa Dantsoho jirginsa da geron da ke ciki.