Mutumin da Ya Sa wa Kicin Kwaɗo

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, ma'aikacin ofis, wanda in ka gan shi ba za ka ce mugu ne ba. Yana sallah a kan lokaci. Ba ya shaye-shaye, ba ya bin matan banza. In an yi rasuwa a unguwa, da shi ake ɗaukar makara. Abu ɗaya ne ke damunsa: yana son a gani a yaba. Motarsa ko ƙuda ya sauka a kai sai ya zame. Abokan aikinsa suna kiransa Ɗan Ƙwalisa, shi kuma sunan yana yi masa daɗi.

Yana zaune a gidan da mahaifinsa ya rasu ya bari, shi da matarsa da 'ya'yansu da mahaifiyarsa. Tsohuwar, kowa Inna yake ce mata. Ɗakinta yana manne da kicin, bango ɗaya ne tsakaninsu.

A kicin ɗin nan Inna ta ƙare ƙuruciyarta. A nan ta dafa duk abin da mutumin nan ya ci ya zama mutum. Da tsufa ya zo, ciwon suga ya kama ta, hannunta ya fara rawa, amma ba ta daina shiga ba. Tana da 'yar kujerarta a bayan ƙofa. Ta zauna tana yanka albasa, tana tsince shinkafa, suna hira da surukarta. Su biyun sun shaƙu, har baƙo yakan ɗauka uwa ce da 'yarta.

Kicin ɗin kam ya tsufa. Kantoci sun yi baƙi da hayaƙi. Akwai ƙofar kabad ɗaya da sai an tokare ta da gwiwa take rufuwa.

Wata rana wani abokin aikinsa ya gayyace su ganin sabon gidansa. Aka zaga da su ɗaki-ɗaki, aka shiga kicin. Kabad-kabad tun daga ƙasa har rufi, sai sheƙi suke. Mutane suna shafawa, suna ɗaukar hoto, suna cewa, "Kai, wannan ai a nan ya kamata a sauki baƙo." Mutuminmu ya yi ta murmushi, amma zuciyarsa tana tafasa. Da ya koma gida ya tsaya a ƙofar nasa kicin yana kallo kamar bai taɓa ganinsa ba.

Ku fahimce ni, ya 'yan uwa. Gyaran gida ba zunubi ba ne. Wanda Allah ya hore masa ya gyara wa iyalinsa wurin girki, lada ma zai samu. Amma don wa ka gyara? Don mai tsayawa gaban wuta kullum, ko don wanda zai leƙo ya ce masha Allah ya tafi?

Ya kira kafinta. Kafinta ya zo da guntayen katako, kowanne da launin fentinsa, ya baje a kan tebur. Ga fari sol, ga ruwan madara, ga ruwan toka, ga ruwan zuma, ga kore, ga shuɗi mai duhu.

Mutumin ya ce, "Ni launin da ba ya tsufa nake so. Wanda ko bayan shekaru aka shigo, ba za a ce yayinsa ya wuce ba."

Kafinta ya ce, "Yallaɓai, ai fari kenan. Kore da shuɗi yayi ne, bana a so su, baɗi a gaji da su."

Matar ta ce, "Baban yara, fari a kicin? Gidan da ke da yara, ga mai, ga miya? Ga ruwan zuma nan, shi ma ba ya gundurar ido, kuma yana rufa asiri."

Ya ce, "Wato asirin ƙazanta kike so a rufa miki."

Aka tambayi Inna. Ta yi dariya ta ce, "Babana, ni idona ma bai raba su sosai ba. Ku dai bar mini kanta ɗaya a ƙasa inda hannuna zai kai, in ajiye kofina da 'yar tukunyata."

Ya ce to, bai ko ɗago kai ba.

Ya daɗe yana fama tsakanin fari sol da ruwan madara. Ya kai guntayen bakin taga ya duba su da hasken safe, ya sake dubawa da na yamma. Ya tura hotuna wa abokai yana neman shawara. Ina tambayarku, yaushe rabon da ya tsaya ya dubi fuskar uwarsa irin wannan duban?

A ƙarshe ya zaɓi fari sol. Sai kuma ya ga kicin ɗin ya yi ƙanƙanta, ba zai ɗauki abin da ya gani a gidan abokinsa ba. Mafita ɗaya ce: a fasa bangon ɗakin Inna a haɗe.

Ya ce mata, "Inna, za ki ɗan koma ɗakin baya kafin a gama aiki."

Ɗakin baya nan ne ake jibge tsofaffin katifu da akwatuna. Tagarsa ƙarama ce, tana kallon katanga. Aka share, aka kai gadonta. Ta ce ba komai, ai wurin kwana duk ɗaya ne. Aka gama aiki, ba wanda ya sake tada maganar inda za ta koma. Kantar da ta roƙa ma ba a yi ba, don wai za ta ɓata tsari. 'Yar kujerarta aka fitar da ita tsakar gida, wai ba ta dace da launin ba.

Kicin ya yi kyau, wannan ba ƙarya. Baƙi suka zo suka yaba, ya samu abin da yake so.

Amma fari ba ya ɓoye komai, hannun tsohuwa kuma yana rawa. Ta buɗe kabad, shatin yatsunta ya fito. Ranar farko ya ɗauki tsumma ya goge bai ce komai ba. Bayan nan ya fara gogewa yana tsaki. Daga tsaki sai magana: "Inna, ki huta mana. Kin yi naki, ki bar wa yara."

Hausawa suka ce, ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani kullum.

Sai wata rana yana jiran baƙi, Inna ta shiga ta ɗebi miya, kwanon ya suɓuce mata. Miya ta gangaro a jikin farar ƙofa har ƙasa. Ya shigo ya gani. Ya ɗaga murya a kan matar da ta haife shi, a gaban jikokinta. Ya ce, "Sau nawa zan faɗa? Komai kika taɓa sai kin lalata!"

Ta durƙusa da ƙyar tana gogewa da bakin zaninta. Tana cewa, "Yi haƙuri, Babana, yi haƙuri."

Uwa ce ke ba ɗanta haƙuri a kan katako, ya 'yan uwa.

Washegari ya sayo kwaɗo ya sa wa ƙofar kicin. Makulli ɗaya a aljihunsa, ɗaya ya miƙa wa matarsa.

Matar ta ce, "Ka ji tsoron Allah, Baban yara. Wa ya taɓa kulle wa uwa kicin?"

Ya ce, "Hutar da ita na yi. Me za ta nema a ciki da ba za a kai mata ba?"

Inna ta zo ta ga kwaɗon. Ta taɓa shi da hannu, ta ce, "Allah ya shirya," ta koma ɗakin baya. Tana da 'ya mace, ƙanwar mutumin, tana aure a wani gari. Kullum suna waya, amma ba ta taɓa gaya mata ba. In 'yar ta tambaye ta sai ta ce yayanki yana kula da ni. Matar kuma, da zarar ya fita, sai ta buɗe kwaɗon ta shigo da kujerar. A haka aka yi ta tafiya.

Ranar da abin zai faru, aka kira matar da sassafe cewa an kwantar da yayarta a asibiti. Ta yi sauri ta shirya yara suka tafi makaranta, ta yi wa Inna allurar suga kamar yadda ta saba, ta ɗauki jakarta da makullinta a ciki. A bakin ƙofa ta ce wa mijin, "Abincin Inna yana cikin kula a kicin. Na riga na yi mata allura. Don Allah ka kai mata kafin ka fita, ka san allurar nan ba ta jiran abinci."

Ya ce to.

Ya shiga kicin ya sha shayinsa. Ya hango ɗigon mai a jikin durowa, ya tsaya ya goge tas. Ya fito, ya danna kwaɗo, ya ja ƙofar gida, ya shiga mota. Kula tana nan inda aka ajiye ta.

Masu irin wannan ciwo sun san abin da nake faɗa. In an yi allurar ba a ci abinci ba, sugan jiki faɗuwa yake yi. Gumi ya keto, jiki ya ɗau rawa, ido ya rufe.

Inna ta jira. Ta ɗauka yana nan tafe. Da ta ji jikinta ya fara sauyawa, ta kira surukarta, wayar tana cikin jaka a ɗakin marasa lafiya, ba a ji ba. Ta kira ɗanta. A daidai lokacin yana ofis, wayar tana hannunsa, yana nuna wa wani sabon ma'aikaci hoton kabad-kabad ɗinsa. Sunan Inna ya fito a kan hoton. Ya katse, ya ce zai kira ta anjima. Ta sake kira. Ya kife wayar a kan tebur.

Ba wanda ya ga sauran, sai Allah. Da rana tsaka matar ta dawo. Ta tarar da takalmin Inna ɗaya a tsakar gida. Ta tarar da ita kanta a kwance a ƙofar kicin, tufafinta sharkaf da gumi. A hannunta akwai cokalin shayi, ya lanƙwashe. Da shi ta yi ta ƙoƙarin ɓalle kwaɗon.

A bayan ƙofar nan akwai abincinta. Akwai gwangwanin suga cike. Cokali ɗaya da ta samu a bakinta, da wataƙila ta tashi.

Aka kai ta asibiti. Likita ya tambaya, "Me ya hana ta cin abinci bayan allura?" Mutumin ya zauna a ƙarshen gado ya riƙe ƙafafunta yana kuka, yana cewa, "Inna, ki yafe mini. Inna, ki buɗe ido ki ce kin yafe mini." Ba ta buɗe ba. Ta yi 'yan kwanaki a haka, Allah ya karɓi abarsa.

Ƙanwarsa ta zo. Bayan an yi jana'iza ta tambaye shi yadda aka yi. Ya ce tsautsayi ne, kwana ya ƙare. Matar tana gefe, ta kasa riƙewa, ta fashe da kuka ta faɗi komai. Ƙanwar ba ta yi ihu ba. Ta tashi ta je ƙofar kicin ta ga kwaɗon da idonta. Ta juyo ta ce, "Yaya, nonon da ka sha, kwaɗo ta sa masa?" Ta ɗauki mayafinta ta fita. Ba ta sake taka gidan ba.

Matar ta yi ƙoƙarin zama, ta kasa. Ta ce masa, "Da hannuna na yi mata allurar, na bar ta a hannunka. Ba zan iya dafa maka abinci a ɗakin nan ba." Ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta. Manya suka shiga tsakani, ta ce a yi mata komai ban da komawa.

Labari ya bazu. Waɗanda suka zo suka yaba kicin, su ne suka fara nuna shi da baki. A ofis aka daina tsokanarsa, aka daina zama kusa da shi. In waya ta yi ƙara sai ya zabura. Ya fara mantuwa, ya fara kuskure a aiki, aka ba shi hutu, daga hutu aka sallame shi. Abinci ya ƙi shiga. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Daga nan hankali ya fara taɓuwa. Maƙwabta suka riƙa jin ƙwanƙwasa ta katanga. Da suka leƙa, sai ga shi tsaye a ƙofar ɗakin baya da faranti a hannu, yana cewa, "Inna, ga abincin. Inna, na kawo, buɗe." An kai shi wurin likitoci, an yi masa addu'a. Ciwon ya ɗan lafa, ya sake dawowa. Wanda ya ba ni labarin nan maƙwabcinsa ne, ya ce har yanzu da hantsi sukan ji shi.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai doki uwarsa ba. Bai kore ta daga gida ba. Da za ka tambaye shi a lokacin, zai rantse yana sonta. Da tsaki ya fara, kuma addininmu tun daga tsakin ya hana. Ya fifita idon baƙo a kan haƙƙin wadda ta ɗauki cikinsa. Ya ji kunyar rawar hannun da ya yi ta ba shi abinci a baki.

Kada wani ya ce ni ban sa kwaɗo ba. Kai da kake tura tsohonka ɗakin baya in manyan baƙi sun zo fa? Ke da kike ware wa surukarki kofi don kada ta taɓa na cikin kabad fa? Kai da kake ganin kiran uwarka ka ce anjima, wa ya ba ka tabbacin anjima?

Ƙofar tuba a buɗe take, rahamar Allah ta fi zunubin kowa faɗi, kuma muna roƙa wa bawan Allahn nan sauƙi. Amma kalmar "na yafe maka" daga bakin uwa, tana raye ake samunta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wanda nasa suke da rai, in an tashi daga nan ya je ya zauna kusa da su, ya tambaye su ko sun ci abinci, ya jira amsa.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Waɗanda suke raye, Allah ya ba mu ikon jin ƙansu. Allah ya kiyaye mu daga riya da wulaƙanta iyaye, ya kiyaye mu daga nadamar da ba ta da magani. Amin.