Askin da Aka Yi wa Kirikiri

Dalilin da ya sa in kun hau dutsen bayan gari kuke ganin kirikiri kwance yana rarrafe a ƙasa, ba lalaci ba ne, yara. Aski ne ya ja masa.

A da can dabbobi ba sa cin ciyawa. Raɓa suke lasa da safe, su wuni suna gyatsa. Kirikiri kuwa shi ne dogon duk ciyayin kan dutse, sumarsa har kurciya ke saƙa gida a ciki. Sai ya ga Kyasuwa, 'yar tsoho Gamba da ke gindin dutse, sonta ya kama shi. Gidan Gamba ba sa ba gajere 'ya. Tsohon ya aiko cewa ranar Laraba zai hau da kansa ya ga tsawon manemin.

Kirikiri ya ce bari ya ɗan gyara kai kafin surukinsa ya zo. Ya aika cikin gari aka kira Bunsuru wanzami. Bunsuru ya iso yana huci, ashe ya manto askarsa a gida.

"Kada ka damu, ango, haƙorina ya fi aska kaifi," in ji shi.

Ya datse baki guda, ya tsaya da shi cike da kumatu. "To, ina zan zuba?"

Kun san ba a yar da gashin aski a fili, kada maƙiyi ya tsinta ya yi wa mutum asiri. Binnewa ake yi. Amma kan dutse ina ƙasar haƙa rami? Kirikiri ya tsorata, ga aure a gaba, ga mahassada.

"Haɗiye shi, wanzami. Cikinka ne kawai ba wanda zai shiga."

Bunsuru ya haɗiye. Ya lashe baki. Ya lumshe ido. Ni dai tun daga wannan lumshewar na san Kirikiri ya shiga uku.

Ana cikin haka sai ga Gwanki, wanzamin daji, wanda ya daɗe yana jin haushin 'yan gari suna hawowa suna ƙwace masa aiki. Ya zagaya Kirikiri, ya taɓe baki.

"Wa ya yi maka wannan ɗanyen aiki? Hagu ta fi dama tsawo."

Ya rage hagu, ya haɗiye saboda mahassada. Bunsuru ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya, ya ce yanzu kuma dama ce ta yi yawa. Ya rage dama. Gwanki ya ce a'a. Bunsuru ya kira matansa su duba, Gwanki ya kira ƙannensa, kowa ya duba sai ya ga karkata, ya gyara. Kirikiri yana ta tambaya ko an gama, ana ce masa saura kaɗan, ya daina motsi. Sauran ciyayi da suka ga abin da ke faruwa, masu wayo suka tsere suka maƙale a tsagar dutse inda wuya ba ya kaiwa, wasu suka tsiro ƙaya nan take, wasu suka shafe jikinsu da ɗaci.

Ranar Laraba tsoho Gamba ya hawo da ƙyar, yana dogara sanda. Ya duba gabas, ya duba yamma.

"Ina yaron yake?"

"Ga ni, Baba," in ji wata 'yar murya.

"Ina?"

"Kana tsaye a kaina, Baba."

Tsohon ya ɗaga ƙafa, ya duba, ya mayar da ita inda take. Ya ce a gaishe da mutan gida, ya sauka. Abin dariya ne, amma ni tausayi yake ba ni.

Shi ya sa har yau kan dutsen da ake kiwo, dogayen ciyayi sai a tsaga, fili kuwa ƙaya da masu ɗaci suka gaje shi. Kirikiri yana nan yana jan ciki zuwa gangare, ko zai isa ya yi wa Kyasuwa bayani. Da ya ɗaga kai ya ga ko ya kusa, sai wanzamai su taso, don har yanzu ba su yarda askin ya daidaita ba.